Sinimar araha ta Amurka: asalinta da tasirinta

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana magana kan nau'in finafinan da Faransawa ke kira cinéma d'exploitation, wato finafinan da ake yi da ƙaramin jari, cikin ƴan kwanaki, a kuma sayar da su ta hanyar kwaɗaita wa ƴan kallo abin da manyan kamfanoni ba sa nunawa: tsiraici, ƙwaya, jini, tashin hankali. A nan za mu kira su sinimar araha.

2. Asali

Daga shekara ta 1934 manyan kamfanonin Holiwud suka soma aiki sosai da dokar Hays, wadda ta hana su taɓa irin waɗannan batutuwa. Ƙananan ƴan kasuwa da dokar ba ta ɗaure ba sai suka sami kasuwar da babu mai ita. Dabararsu ita ce fakewa da gargaɗi. Kroger Babb ya yi yawo gari-gari da fim ɗin Mom and Dad na 1945, mai nuna haihuwa. Maza na kallo daban, mata daban, a tsakiya kuma wani ya tashi ya yi lacca ya sayar da ƙasidu.

A 1948 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanoni da gidajen sinimarsu, masu gidajen suka sami ƴancin ɗaukar fim daga kowa. Kamfanin da James Nicholson da Samuel Arkoff suka kafa a 1954, wanda daga baya ya zama American International Pictures, ya fuskanci matasa. Sau da yawa sai an tsara suna da hoton talla kafin a rubuta labarin. Roger Corman ya ɗauki mafi yawan The Little Shop of Horrors na 1960 cikin kwana biyu.

3. Tasiri

Na farko, sinimar araha ta zama makaranta. Francis Ford Coppola, Martin Scorsese da James Cameron duk sun yi aiki ƙarƙashin Corman tun suna sababbin hannu. Dalili kuwa a fili yake: mai ƙaramin jari ba ya iya biyan gwani, saboda haka yakan ba yaro dama, muddin bai wuce kasafi ba.

Na biyu, ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa. A 1968 George Romero ya ba Duane Jones jagorancin Night of the Living Dead, fim ɗin da aka kashe wa kimanin dalar Amurka 114.000. A 1971 Shaft na Gordon Parks ya nuna cewa ƴan kallo baƙaƙe kasuwa ne babba. Sai dai ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe sun soki yayin da ya biyo baya, domin ya cika da dillalan ƙwaya da kawalai. Wannan saɓani shi ne zuciyar batun: an ba mutane fuska a majigi, amma wane ne ya zaɓi fuskar, kuma wa ya ci riba?

Na uku, manyan kamfanoni sun kwashe dabarar. Jaws na 1975 labarin dodo ne irin na sinimar araha, an zuba masa kuɗi mai yawa. Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ya ƙarasa rufe gidajen da ke nuna ta.

4. Kammalawa

Tambayar ta shafi ƙasarmu. A zamanin da kamfanonin COMACICO da SECMA ke riƙe da rarraba finafinai a Afirka ta Yamma mai amfani da Faransanci, kayan araha na waje ne suka cika majigi. Tun 1966 Moustapha Alassane, cikin Le Retour d'un aventurier, ya nuna samarin ƙauye da suka sa tufafin kaboyi suka tada fitina. Darasin shi ne: wanda ke riƙe da hanyar kai fim ga jama'a, shi ke yanke abin da za su kalla.