Hukuncin ɗaukar lauya, da inda talaka zai samu na kyauta

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Burumburum. Rikicin iyakar gona ya sa an tsare ƙanena, kuma ba mu da kuɗin lauya. Wasu sun ce ɗaukar lauya bai halatta ba, domin aikinsu mai da ƙarya gaskiya. Mene ne hukuncin, kuma ina talaka zai nufa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka, abin da ake kira lauya a yau shi ne malaman fiƙihu suke kira wakilin husuma, wato wanda mutum ya wakilta ya yi magana a madadinsa gaban alƙali. Wannan wakilci halal ne. Ibnu Asim ya ware masa babi a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu idan husuma ta taso masa.

Hikimar hakan a fili take. A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya bayyana cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa yanki ne na wuta. To mai gaskiyar da bakinsa bai iya magana ba yana buƙatar mai tsaya masa.

Sharaɗin shi ne gaskiya. Aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta. Saboda haka ka gaya wa lauya yadda abin ya faru, har da laifin ƙanenka in yana da shi. Haram ne a shirya shaidar zur, haram ne a musanta haƙƙin da aka san na wani ne. Amma neman beli, da hana a yi wa mai laifi hukuncin da ya wuce laifinsa, duk taimakon adalci ne.

Game da inda za ka nufa, ga ƙofofi uku:

Ta farko, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda sunanta na Turanci Legal Aid Council. An kafa ta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011. Hedikwatarta tana Abuja, tana da ofishi a Kano. An yi ta ne domin wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024. Lauyoyinta ba sa karɓar kuɗin aiki.

Ta biyu, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, reshen Kano. Ta fi mai da hankali ga mata da yara, kamar matar da aka hana gado ko aka bar ta da 'ya'ya ba ciyarwa.

Ta uku, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Ita ake kai wa kuka idan an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba ko an azabtar da shi.

Dukkansu suna da shafuka a intanet. Kafin ka kashe kuɗin mota daga Tudun Wada, Doguwa, Kiru ko Bebeji zuwa Kano, ka sa wani mai karatu ya duba maka adireshi da lambar ofishi a waya, ka kira ka ji takardun da za ka riƙo. Ka yi hattara da wanda zai ɓullo a Facebook ko WhatsApp ya ce shi lauyan kyauta ne amma ka fara tura kuɗin fom. Kada ka tura wa kowa kuɗi ko takardar gona kafin ka ga ofishinsa da idonka.

Ka kuma riƙe abu biyu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Sannan beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Ka rubuta ranar da aka kama shi da wurin da yake tsare, ka tanadi shaidun iyaka da duk takardar da ke hannunku.

Neman lauya kuma ba ya toshe ƙofar sulhu, wanda Alƙur'ani ya yaba. Dagaci, hakimi, limamai da 'yan Hisba sukan kashe rikicin gona tun bai ci amfanin shekara ba, kuma maƙwabcinka yana nan bayan an tashi daga kotu.

Ku kuma 'yan'uwa lauyoyi, iliminku amana ne. Wanda ya ware shari'a ɗaya ko biyu a shekara ya tsaya wa mara gata domin Allah, muna fata Allah Ya yaye masa baƙin cikin ranar alƙiyama.

Allah Ya fitar da ƙanenka, Ya bayyana gaskiya. Wallahu a'alam.