Ƙofar da ciwo ke bi a cikin laka

Manomi a Tungar Guru ya sare ƙafarsa da fartanya, kafin ya ce wayyo hannunsa ya riga ya kai wurin yana murzawa. Ba wanda ya koya masa, kuma zafin yakan ragu. Dalilin yana cikin laka, farar igiyar nan da ke ratsa ƙashin baya.

Jijiyoyi iri biyu ke ɗauko labarin rauni daga fata. Masu sauri su ke kawo tsinin farko, siraran kuma, waɗanda gudunsu bai fi mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa ba, su ke kawo zugin da ke biyo baya. Dukansu sai sun yada zango a laka kafin saƙo ya haura ƙwaƙwalwa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka ce zangon nan ƙofa ce mai buɗewa da rufewa. Murza fata na tada manyan jijiyoyin taɓawa, su kuwa sai su tura ƙofar, ciwon da ke wucewa ya ragu.

Ɓeraye ne suka biya kuɗin sauran ilmin, kuma ba da son ransu ba. A 1969 David Reynolds ya sa lantarki a wani gurbi na ƙwaƙwalwar ɓera, ya yi masa tiyata ba tare da maganin barci ba, ɓeran kuwa bai nuna alamar jin zafi ba. Ashe ƙwaƙwalwa ma tana aiko umarni ƙasa a rufe ƙofar. A 1976 Tony Yaksh da Thomas Rudy suka zura ɗan siririn bututu kusa da lakar ɓeraye, suka ɗiga mofin kaɗan, wato maganin kashe zafi. Ɓerayen suka daina jin zafi alhali idonsu biyu, suna tafiya. Ba a yi shekaru da yawa ba aka fara yi wa mutane haka.

Ƙofar tana iya lalacewa. Clifford Woolf ya nuna a 1983 cewa rauni mai tsanani kan sa laka ta zama mai saurin firgita, har shafar riga ta zama azaba.

Tiramol ɗin da wasu masu haƙar zinariya da leburori ke haɗiya don su jure wahala, wannan ƙofar yake dannawa. Jiki kan saba, sai ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, ciwon kuwa yana nan inda yake.