Ƙaya Ɗaya Ta Cinye Garke: Jinya da Rashin Aiki a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Duk falken da ya taɓa yin gabas da dabbobi, ko ya sauka gidan wani ɗan'uwa a Madani ko Sinnar, ya san Hausawa suna nan jingim a wannan yanki na Sudan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai alhazan ƙafa suka riƙa yada zango suna tsinkar auduga don neman guzuri. Da yawansu a nan zama ya kama su. Jikokinsu ne yau ke noman lambu a bakin kogi, da su, da fawa, da dillanci, da koren shanu. Abin da za mu duba shi ne yadda ciwo ke yi wa waɗannan 'yan'uwa namu, musamman wanda abincinsa ke ƙafarsa.

Da can asibitin gwamnati a Sudan kusan kyauta ne. A 1992 gwamnati ta saki farashin kaya ta ce kowa ya biya kuɗin ganin likita da na awo da na magani. A 1995 aka fara inshorar lafiya ta ƙasa, kuma a jihar Sinnar aka soma ta, amma ma'aikatan gwamnati masu albashi ta fara ɗauka. Ɗan kore kuwa ina ya ga albashi? Shi ana biyansa ne bisa tafiya, in ya kai garke ya karɓa, in ya kwanta shi ke nan. Ga shi mutanen da ke zaune a sansanonin leburorin gona, waɗanda ake kira kanabi, ba su da hawasha tasu, wato gonar da hukumar gandu ke rabawa, wasu ma takardar shaidar ɗan ƙasa sai sun sha wuya kafin su samu, alhali kakanninsu a nan aka binne su. Hidimar gwamnati kuwa ko'ina da takarda take tafiya.

Cututtukan ruwa ba sai an tsaya dogon bayani ba. Magudanan ban-ruwa na gandun sun daɗe suna kiwon sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. An yi wani babban shiri na yaƙi da su tare da Hukumar Lafiya ta Duniya daga wajen 1980, ya yi shekara goma ya ƙare, suka dawo abinsu. Waɗannan dai mun san su a gida.

Wanda ya kamata mai sana'ar dabbobi ya buɗe kunne a kansa shi ne ciwon da mutanen Sudan ke kira nabit, likitoci kuma suna ce masa maisitoma. Jazira da Sinnar da Farin Nilu nan ne cibiyarsa a duniya. Farkonsa ba komai ba ne. Mutum yana bin garke da silifa ko ƙafa Allah, ƙaya ta soke shi, ya zare ta ya yar, ya ci gaba da tafiya. To ita ƙayar ta shigar masa da ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, galibi dangin fumfuna. Sai bayan watanni, wani ma shekara, ya ga ɗan kumburi a ƙafa, ba zafi ba raɗaɗi. Wannan rashin zafin shi ne mugun abin, domin kuwa wa zai bar kasuwa ya biya kuɗin mota zuwa Madani saboda ƙullutun da ba ya ciwo? Sannu a hankali kumburin ya girma, ya huhhuje, ya riƙa tsattsafo da ruwa mai ɗauke da 'yan ƙwayoyi kamar riɗi, yawanci baƙaƙe. Kafin nan an je wurin wanzami an tsaga, an yi sakiya, an ɗaura saiwa. Lokacin da za a isa asibiti ya riga ya ci ƙashi.

Masu bincike sun lura ciwon ya fi yawa a ƙauyukan da dabbobi ke kwana cikin gida, an kewaye su da shingen ƙaya da ake kira zariba, kashin shanu da ƙaya sun cakuɗe a ƙasa yara suna takawa. Mai karatu ya dubi turken gidansu ya gaya mini ko da bambanci.

Maganin fa? Nau'in da ba na fumfuna ba yana jin allura da ƙwayoyi da sauƙi-sauƙi. Amma na fumfuna, wanda shi ya fi yawa a Sudan, sai an sha ƙwayar itrakonazol kullum har kimanin shekara guda, a yi fiɗa a tsakani, kuma duk da haka yakan dawo. Ƙwayar tana da tsada ainun. Abin da aka saba gani shi ne majinyaci ya sha wata biyu ko uku, kuɗi su yanke, ya daina, ciwon ya taso fiye da da, daga ƙarshe a yanke ƙafar. Ɗan kore ba ƙafa, ai magana ta ƙare. A 1991 aka kafa cibiyar binciken wannan ciwo a asibitin Soba na Jami'ar Khartum ƙarƙashin Farfesa Ahmad Hassan Fahal, ta duba dubban majinyata, har ta buɗe reshe a ƙauyen Wad Onsa na jihar Sinnar don rage wa talaka tafiya. Da ƙoƙarinta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016, kuma a can aka fara gwajin wani sabon magani a 2017 wanda sau ɗaya a mako ake shansa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da aikin cibiyar, kuma da sojoji suka karɓe Khartum a 2025 aka iske an wawashe ta an lalata.

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu. Idan mai gida ya kwanta, kuɗin magani ba shi kaɗai ke cin dukiya ba. Akwai kuɗin mota na mutum biyu, don majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, kuma mai jinyar shi ma ya bar nasa neman. Akwai ci da sha a bakin asibiti, da awo, da hoto, da jini in za a yi fiɗa. Awakin uwargida ake fara kaiwa kasuwa, sai 'yan kunnenta, sai sa, daga ƙarshe a taɓa karsana da saniya mai ciki, wato an shiga cin uwar kuɗi. Manomi kuma ya faɗa shail, bashin da ake ci kan amfanin gona tun yana tsaye a farashin wulaƙanci, irin wanda mu ma muka sani a gida. Kuma a nan sai na faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: mu 'yan kara mun fi kowa gane dabbar da aka kawo don jinya. Daga yadda mai ita ke tsaye ake ganewa. Sai a haɗa baki a taya ta ƙasa-ƙasa, a bar shi cikin rana har ya sallama, dillali ya cire la'adarsa cif. Ciniki ne, ba wanda ya ce haramun ne, amma ba abin alfahari ba ne.

Da a ce aiki na nan, da mutum ya warke ya farfaɗo. To aikin ma ya daɗe yana zubewa. Bayan dokar gandun Jazira ta 2005 an sallami ma'aikata masu yawa, injinan gurzar auduga da ƙaramin jirgin ƙasan gandun suka mutu, leburan da ke jingine da su ya rasa madafa. A 2007 zazzaɓin dabbobi na Rift Valley ya ɓulla a Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe mutum fiye da 200, galibi masu hulɗa da dabbobi, aka rufe ƙofar fitar da su waje. A 2019 Saudiyya ta sake dakatar da sayen dabbobin Sudan saboda shi. Duk ranar da jirgi bai ɗauka a Sawakin ba, kasuwar Muwailih ta Umdurman ta yi sanyi, sanyin kuma sai ya gangaro har kan ɗan koren Damazin. Kuɗin ƙasar ma sun narke: a Fabrairun 2021 aka mai da dala ɗaya daga fam 55 zuwa 375 rana ɗaya, magani kuwa da dala ake shigo da shi.

Sai kuma fitina. A Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, a Rusairis da kewaye, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu suka bar gona da turke. A Disambar 2023 dakarun RSF suka shiga Madani, garin da ke da asibitin koda da cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira, inda majinyatan da suka tsero daga Khartum suka taru. Mai wankin koda sau biyu a mako ya tsinci kansa a hanyar Gadarif ko Kassala yana neman inji. Sinja ta faɗi a Yunin 2024, soja suka karɓe ta a Nuwamba, suka karɓe Madani a Janairun 2025. An kore dabbobi ba adadi a wannan tsakani, kuma mutanen kanabi sun sha hari ana zarginsu da goyon bayan wani ɓangare.

To da me mutane suka rayu? Da abin da suka gada. Adashi, wanda can ake kira sanduk, mata suka fi riƙe shi, kuma idan ciwo ya faɗo gidan wata akan ba ta kwasa ko da ba zagayenta ba ne. Gayya, wato nafir, ita ke nome gonar wanda ya kwanta. Ana yin karo-karo a masallaci bayan Juma'a. Hukumar zakka ta gwamnati ta daɗe tana biya wa wasu gidajen talakawa kuɗin inshora, ga wanda ya san hanya kuma yake da takarda. Lokacin yaƙi kuwa 'yan'uwa da ke Jidda da Makka da Libiya suka riƙa turo kuɗi ta manhajar Bankak, matasa kuma suka kafa tukwanen abinci na unguwa da ake kira takaya. Duk waɗannan suna iya ɗaukar zazzaɓi ko haihuwa ko karaya. Jinyar shekara guda ta fi ƙarfinsu, don masu karo-karon su ma talakawa ne, sau biyu sau uku hannu ya gaji.

A ganina nan ne aljihun fatake ya kamata ya shigo, kuma ba sadaka nake nufi ba. Wanda ya kora maka shanu kwana ashirin cikin daji yana cikin kuɗin kayanka kamar dusa da kuɗin mota da harajin kan iyaka. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa ga kowane ɗan kore kafin a tashi bai kai kuɗin akuya ba. Ɗan abin da za a cire kan kowace dabba da aka sallama a kara, a ajiye hannun amintattu biyu da littafi, zai iya riƙe wa mutum ɗaya maganinsa har ya cika shekarar bai yanke ba. Kuma idan ɗan ƙungiya ya kawo dabba don jinya, shugabannin kara su tsaya a saye ta kuɗinta na gaskiya.

Kada wani ya ce wannan ciwon Sudan ne. Yana nan a Chadi da Nijar da Mali da Senegal da arewacin Nijeriya, duk inda ƙasa ta bushe ƙaya ta yi yawa, sai dai ba kowane ma'aikacin asibitin ƙauye ya san shi ba. Wanda ya ga ƙullutu mara zafi a ƙafa ko hannu ya wuce wata bai baje ba, kada ya bari a tsaga masa a gida. Ya nufi babban asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa da dajin da ya bi, in kuwa akwai 'yan ƙwayoyin da ke fita, ya tara su a tsumma mai tsabta ya tafi da su a auna.