Zinaren Zamfara da Gubar da Aka Manta da Ita

A watan Disamba na 2024, Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, wanda aka ƙaƙaba tun 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga. Daga nan muhawara ta kaure a gidajen rediyo da majalisun hira, amma duk ba ta wuce abu biyu ba: shin tsaro ya samu da har za a koma ramuka, kuma aljihun wa kuɗin zinaren zai faɗa? Tambayoyin suna kan hanya. Sai dai akwai ta uku da aka yi wa shiru, alhali ita ce ta cika maƙabartun ƙauyuka da ƙananan yara tun kafin rikicin daji ya yi ƙamari. Ina aka kwana kan gubar dalma?

A wajenmu, da an ce gurɓatar muhalli sai hankali ya tafi kan ledar da ta toshe kwata, da bolar da ta cinye rabin titi, da hayaƙin janareta, da baƙin ruwan da masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa suke saki a Kano. Masana kan kasa ta gida-gida: ta iska, ta ruwa, ta ƙasa, har da ta hayaniya. Kowacce da cutar da take haifarwa, daga tari da asma zuwa amai da gudawa. Amma duk waɗannan ido yana gani, hanci yana ji, mutum ya kauce. Dalma kuwa ba ta wari, ba ta ɗaci. Cikin ƙurar tsakar gida take kwanciya, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

A farkon 2010 ne ɓarnar dalma ta fito fili a Zamfara. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi a duniya, manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suke fasowa yana ɗauke da zinare, yana kuma maƙare da dalma. Don tsoron ɓarayi da neman sauƙi, sai aka riƙa kawo shi cikin gari a buhuna. Ana niƙa shi a injin da ake niƙa dawa, mata suna daka shi a turmin da za a daka hatsin tuwo, ana shanya garin a tsakar gida, uwa tana aiki da goyo a bayanta. Da farko agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya yara suka fara amai da jijjiga da suma. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ɗora wa iskokai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka shiga yankin bin sawun sanƙarau, su ne suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka ɗebi jini aka gwada.

Abin da gwajin ya nuna ya girgiza duniya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A jimlace yara sama da 400 aka rasa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega. Waɗanda suka rayu ma ba su tsira duka ba, domin dalma ƙwaƙwalwa take ci. Wani ya makance, wani ya kurumce, wani ya tashi ba ya iya riƙe karatu, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Maganin da ke fitar da ita daga jini yana nan, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwaso ta. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe, an binne a nesa, an zubo sabuwa mai tsabta. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai aka bar ta tana jira. Yara kimanin 1,500 suna zaune cikin guba, likitoci a shirye, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ya maƙale a Abuja. Sai da matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi ta kururuwa kafin a sake shi a farkon 2013. Wallahi wannan jinkirin abin kunya ne da ya kamata a riƙa karantar da shi ga duk wanda zai riƙe muƙami. Kuma ba a ɗauki darasi ba: a 2015 irin wannan ta faru a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Kada mai karatu na birni ya ɗauka abin na mutanen ƙauye ne kaɗai. Mai fasa tsohon batirin mota a bayan layi yana zubar da ruwansa a ƙasa, dalma yake watsawa. Dutsen da ake niƙawa a yi wani nau'in kwalli na gargajiya ɗan'uwan wancan dutsen ne, ga shi kuwa iyayenmu mata suna rambaɗa wa jarirai tun ranar suna.

Ba na cikin masu cewa a hana talaka haƙa. Wanda gona ta gagare shi saboda 'yan bindiga, in ka ce ya bar rami, me zai ci? An riga an san hanyoyin rage cutar, kuma ba su da tsada: a fitar da niƙa da wanki bayan gari, a riƙa jiƙa dutsen kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a ware injin hatsi daban, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga wajen iyali, a hana yara kusantar wurin. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a kai.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Ma'adinai da gwamnatin Zamfara: kada a miƙa wa kowa lasisi sai da sharaɗin gwajin ƙasa da gwajin jinin yaran da ke kewaye, kuma a tanadi na'urar gwajin a asibitocin Anka da Bukkuyum da Maru. Sarakuna da hakimai da limaman Juma'a su ma su buɗe baki, domin maganarsu ta fi takardar gwamnati isa cikin gidaje. Kai kuma maigida, in ɗanka ko ƙanenka yana zuwa haƙa, kada ka yarda buhun dutse ya ƙetare zaurenka.