Baƙo a Garin Wasu: Me Zai Ɗauka, Me Zai Riƙe?

(Kiɗan buɗe shiri)

 

A ƙasar Adar, da zarar an yanke gero an kai damma rumbu, sai tasha ta cika da samari masu tafiya biɗa. Wasu ci-rani suke yi, ruwan farko ya dawo da su gona. Wasu kuwa shekara ta bi shekara, su ɗauki iyali, su hayayyafa can. A kan waɗannan na biyu shirinmu na yau zai tsaya. Magabata sun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, wanne mutum zai bi?

Mu fara da gida. A ƙarshen ƙarni na 17, Agabba ɗan Sarkin Agadas ya sauko ya ci Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Baƙi ne daga Abzin, amma yau Hausa ce harshen fadarsu. Kel Geres su ma daga Abzin suka gangaro suka zauna wajejen Madawa. A kasuwa za ka ji suna ciniki da Hausa tiryan-tiryan, a gida kuwa da yawansu ba su saki harshensu da rawaninsu ba. Waɗancan sun narke, waɗannan sun riƙe nasu, kuma dukansu ba wanda zai kira su baƙi a jihar Tawa. Saboda haka mu Adarawa mun san wannan magana ta fuska biyu: mun karɓi baƙi, mun kuma yi baƙunta.

Can kudu, Hausawa sun daɗe da dabarar zaman baƙunta, wato zango. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma da ita Hausawa suka riƙe fataucin goro da shanu shekaru da dama. Yadda abin yake, mai shanu ya taso daga arewa ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki shanu bashi. Ba takarda, ba kotu, amana ce kawai, kuma amanar ta tsayu ne don harshe ɗaya ne, masallaci ɗaya, Sarkin Hausawa ɗaya. Wanda ya ci amana ba ya da wurin ɓuya. Ga waɗannan mutane riƙe al'ada jari ne. Har yau haka ɗan Adar yake sauka a Ajame ko Abobo cikin Abijan: ɗan garinsu ne zai ba shi tabarma, ya ba shi kayan talla na farko, in ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, in ta Allah ta kasance a yi masa sutura. Duk mai cewa baƙo ya watsar da nasa baki ɗaya bai taɓa kwana a tasha da jikka guda a aljihu ba.

Kuma ba baƙo kaɗai ke canzawa ba. Ku dubi rumfar garba a Abijan. Acake, wato garin rogon mutanen bakin teku, a babban daro. Kifin tuna yana soyuwa cikin mai, ga yankakkiyar albasa da barkono a gefe. Ɗalibi da ɗan dako da ma'aikacin ofis suna layi, kowa na nuna yankan kifin da yake so. Masu wannan sana'a tun farko galibinsu 'yan Nijar ne. Rogon ba namu ba ne, kifin ba namu ba ne, amma hannun namu ne, kuma yau mutanen Kodebuwa suna alfahari da garba a matsayin abincin ƙasarsu. A Gana ma koko da ƙosai da tuwon zafi sun fita daga zango sun shiga kowane gida.

(Kiɗa kaɗan)

Sai dai akwai ɓangaren da ba ya da daɗin ji. A ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busiya a Gana ta ba duk baƙon da ba ya da takardar zama mako biyu ya fita. Cikin waɗanda aka loda a manyan motoci har da waɗanda aka haifa a Kumasi, suna jin harshen Asante kamar masu garin. A Janairun 1983 Najeriya ta Shehu Shagari ta yi irin haka, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, har da 'yan Nijar masu Hausa a baki. A Kodebuwa, zamanin Konan Bediye aka taso da zancen wane ne ɗan ƙasa na asali, dokar filaye ta 1998 ta keɓe mallakar ƙasar noma ga 'yan ƙasa, kuma rikicin da ya ɓarke a 2002 ya koro 'yan'uwanmu da yawa gida hannu rabbana. A Sudan, Hausawa da Fulani sun zauna bakin kogin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno shaida ne. Larabci ya zauna a bakinsu, amma a Yulin 2022, da maganar sarauta da fili ta taso a jihar Bulu Nayil, aka zubar da jini, aka sake kiransu baƙi.

Ina kawo waɗannan ne don kada a ɗora wa baƙo laifin da ba nasa ba. Wanda ya saje an kore shi, wanda ya ware an kore shi. In tattalin arziki ya karye, 'yan siyasa kan nemi wanda za su nuna wa yatsa, kuma baƙo ne mafi kusa.

Duk da haka, ra'ayina shi ne akwai hakkin masu gari a wuyan baƙo, kuma mutanenmu sukan yi sakaci da shi. Mutum ya shekara ashirin a gari, harshen masu garin bai wuce na ƙirga canji ba. Maƙwabcinsa ya yi rashi, bai je gaisuwa ba don addini ba ɗaya ba. An kira taron unguwa kan shara ko famfo, ya ce shi baƙo ne, nema ya kawo shi. Ranar da fitina ta tashi, wa zai buɗe masa ƙofa ya ɓoye masa yara? Ku dubi babban limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya fito daga zuriyar Hausawa. A 2019, yana cika shekara ɗari, ya taka har cocin Katolika a Akra ranar Ista ya gaisa da Kiristoci. Da rawaninsa ya shiga, da rawaninsa ya fito, addininsa bai ragu da komai ba, kuma ƙasar gaba ɗaya tana girmama shi.

Abin da ba na so a saki shi ne harshen gida. Mun sha gani a nan garuruwanmu: an zo da yaro hutu daga Abijan, kakarsa ta fito daga madafa da ƙwaryar fura tana cewa, “Maigidana, zo in gan ka.” Yaro ya tsaya yana duban ubansa, yana jiran a fassara masa. Tsohuwa ta yi dariyar yaƙe ta koma ciki. Ba masu gari suka hana shi Hausa ba. Faransanci lakwal za ta koya masa, Julanci kasuwa za ta koya masa, amma Hausa in uwa da uba ba su yi masa ita a ɗaki ba, babu mai yi masa. Kuma yaron nan yana tsaka mai wuya, don a Kodebuwa haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Can ɗan Nijar ne a takarda, nan kuma tsaransa suna kiransa ɗan Abijan. Iyayena mata da ke can, ku aiko da saƙon murya ta WhatsApp yaro ya gaida kakarsa da bakinsa, ko da gwaranci ne.

Sai maganar takardu, wadda ta ƙara nauyi tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato Sedeyawo, a Janairun 2025. Duk yaron da aka haifa a waje, a yi masa takardar haihuwa a can, a kuma kai sunansa ofishin jakadancin Nijar. Mai shirin tafiya bana ya biya ofishin magajin gari ya kammala takardunsa kafin ya hau mota, wanda ke can kuma ya bi dokar zama ta ƙasar da yake, ya sa 'ya'yansa lakwal, mata da maza.

Mako mai zuwa za mu ji daga bakin matan da mazajensu suka daɗe a biɗa, yadda suke riƙe gida da gona. Wanda ke da abin faɗa kan shirin yau, layinmu a buɗe yake bayan labarai. 

(Kiɗan rufe shiri)