Gwajin ciwon mantuwa ta waya: abin da ya kamata ku sani

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, kuma tsofaffi ta fi yi wa ɓarna. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, galibinsu dattawa. A irin wannan yanayi babu mai ɗaukar mahaifinsa daga Fagge zuwa asibitin Malam Aminu Kano don kawai a auna ƙarfin tunawarsa.

Masu bincike kan ciwon mantuwa, wanda muke cewa gigin tsufa, sun shiga wannan matsi a duk duniya. Aikinsu na bibiya ne, mutum ɗaya ake gwadawa shekara bayan shekara, kuma tsallake zagaye guda kan ɓata lissafin. Shi ya sa cibiyoyi da yawa a Amurka da Ingila suka mayar da ganawar zuwa waya da Zoom.

Amma gwajin waya guntu ne. Gwajin mantuwa mai suna MoCA, wanda ake yi ido da ido, maki 30 gare shi, har da zana agogo da gane hotunan dabbobi. Na waya ya tsaya a 22, domin an cire duk abin da sai an gani. Ɗaukar jini da hoton ƙwaƙwalwa kuwa dole sai an je.

A unguwanninmu akwai ƙarin cikas. Tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi za ta faɗi tambayar da ta san amsarta. Ga ƙarar janareto, ga sabis mai ɗaukewa, ga wayar ma ta jika ce. A Sabon Gari kuma, inda Hausa da Ibo da Yarbanci ke cakuɗe, yi wa dattijo gwaji da harshen da bai tashi da shi ba zalunci ne. Abin da ya fi damuna shi ne marasa babbar waya su zame daga binciken, a wayi gari sakamakon na masu hali ne kaɗai.

Idan aka kira Baba ko Hajiya don irin wannan gwaji, ku tabbatar da asibitin da ya kira da kuma yardar mai jikin. Ku sama masa ɗaki shiru, ku kawar da kalanda don kada ya duba kwanan wata. Kada tausayi ya sa ku raɗa masa amsa, domin hakan ɓoye wa likita ciwon ne.