Hular Jariri

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu ta kan taso daga hamada. Da rana ƙura, da asuba kuwa sanyi har cikin ƙashi. Mu manya mu kan hura wuta, mu lulluɓa da gwado. To, jaririn da aka haifa cikin wannan lokaci fa?

Jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Ku dubi kansa. Kan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa duka. Ta nan ɗumi mai yawa ya ke fita. Ran suna kuma wanzami ya zo ya aske ɗan gashin da ya rufe kan. Jaririn da sanyi ya kama ba ya shan nono sosai. Jikinsa ya yi laushi, ciwo ya same shi da sauƙi. Bakwaini, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba, su suka fi shiga hatsari. Don haka ne ma'aikatan asibiti su ke cewa kada a yi wa jariri wanka sai ya cika awa 24 a duniya. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, jiki da jiki, a lulluɓe su, a sa masa hula.

Wannan hula ita ce zancenmu yau.

A garuruwanmu ba a rasa mace wadda aka sani da saƙa. Tun tana yarinya ta fara, da tsinken tsintsiya biyu da guntun zare. Ta yi aure, ta haihu, ga ta yau da jikoki, amma zare bai bar hannunta ba. Tana hira tana saƙa, ba ta ko duban hannun. In ta ji maƙwabciya tana da ciki, sai ta fara shiri a ɓoye. Kafin ranar barka ta gama hula da safa.

Aikin zare ba baƙo ba ne a wurin matanmu. Kakanninmu sun gurza auduga, sun shiɓa, sun kaɗa da mazari, sun saƙa gwado. Saƙa da tsinke da kwarashi ita ce ta zo daga baya, a zamanin Turawa. Hannun da ya saba da mazari kuwa bai sha wuyar koyonta ba.

Ga yadda a ke hular da tsinke biyu. Kewayen kan jariri kamar inci 14 ne. A ɗora madaukai a kan tsinke, 60 zuwa 70 in zaren matsakaici ne. In zaren siriri ne a ƙara, in mai kauri ne a rage. A ƙidaya sau biyu kafin a ci gaba, gama madauki guda in ya zame sai ya tsefe har ƙasa. A yi ta saƙa layi bayan layi, har tsawon ya kusa kai tafin hannu. Sa'an nan a fara ragewa, watau a riƙa haɗa madauki biyu su zama ɗaya. In sauran kaɗan, a zura zare cikinsu da allura, a ja, a ƙulle. A ɗinke gefen. Shi ke nan, hula ta samu. Kada a matse saƙar. Hula mai tauri ta kan bar shaida a goshin yaro.

Wadda ba ta da kuɗin sabon zare kada ta ce ba ta da abin kaiwa. Tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo zare ce. A wanke ta, a warware, a naɗe zaren a jikin kwalba da ɗan danshinsa, ya bushe ya miƙe. Riga guda ta babba ta ishi huluna da yawa.

Amma akwai abin lura. Yawancin zaren da mu ke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne. A masana'anta a ke yinsa, dangin roba ne. Mu gwada mu gani. A yanki guntu a kai shi bakin wuta. Ulu na gaske ya kan yi warin ƙonannen gashi, ya zama toka. Na roba kuwa narkewa ya ke yi, ya dunƙule baƙi ƙirin. In ya narke a jikin mutum, manne wa fata ya ke yi. Ɗakin mai jego kuwa ba ya rabo da wuta da garwashi. Saboda haka a nisanta jariri da wuta ko yaushe, balle yana sanye da irin wannan zare.

Kada a sa wa hular doguwar igiya, don kada ta shaƙe wuya. Kada a ɗinka mata maɓalli ko duwatsun ado, yaro ya kan cire ya haɗiye. Safa kuma a juya cikinta a duba. Silin zare guda ya kan naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini wucewa, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. In rana ta ɗaga, ko ɗaki ya yi zafi, ko jikin yaro ya yi zazzaɓi, a cire hular. Zafi ma yana da tasa ɓarnar.

Mun san masu zuwa barka sun fi kai sabulu, ko turmin atamfa, ko kuɗi. Duk suna da kyau. Amma sabulu ya kan ƙare kafin arba'in, hula kuwa in an kula da ita har ƙanen yaron ya sa. A wanke ta da ruwan da ba zafi, a matse a hankali, kada a buga a kan dutse. A shimfiɗa ta a inuwa bisa faifai. In an rataye ta a igiya da ruwa a jikinta, sai ta saki, ta fi ƙarfin kan mai ita.